Kitson da Ya Hana Ni Shiga Lakwal

Ƙanwata ta zo gidana a Zongon Kwatano wata Lahadi da hantsi, riƙe da sabon littafin rubutu da alƙalami. Tun daga yadda ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ta durƙusa har ƙasa ta ce, “Yaya, ina kwana,” na san da magana. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta a ofis mai sanyi a unguwar Cadjèhoun ba ta durƙusa wa mai sayar da gwanjo a kasuwar Missèbo haka siddan.

Na ce, “Madam, lafiya? Wa ya mutu?”

Ta yi dariya ta ce ba wanda ya mutu. Makarantar Katolika ta ƙauyen da muka tashi ce za ta yi bikin tunawa da kafuwarta. Sistar da ke riƙe da makarantar yanzu ta buɗe tsohon littafin sunaye, ta ga ƙanwata ce mace ta farko da aka rubuta, shi ne aka nemo ta har gida, aka ce ta zo ta tsaya gaban jama’a ta ba da tarihi. Matsalar ita ce ba ta tuna komai. Ta tuna allo, ta tuna bulala, ta tuna waƙar safe. Amma yadda aka gina wurin da waɗanda suka gina shi, duk sun gudu daga kanta.

“Ke kika san komai, Yaya. Ki faɗa mini in rubuta.”

Wallahi maganar nan ba ta yi mini daɗi ba. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ƙyashi ne. Tsohon ƙyashi ne da na ɗauka ya mutu tun da na riga ta zuwa Makka, ashe barci yake yi. Na ce mata kaina na ciwo, ta dawo wata rana.

Babanmu mahauci ne, haifaffen Zongon nan. Muna ƙanana ya kwashe mu zuwa wani ƙauye arewa da Kwatano, inda hanyar shanu ta ratsa. Mutanen garin ’yan Fon ne, noman masara da matsar manja suke yi, mu kaɗai ne Hausawa. Akwai wani Fada, limamin coci, Bature siriri mai gemu, da ke zuwa a kan babur duk ranar kasuwa. In ya gama da ’yan cocinsa sai ya biyo ta rumfar Baba ya sayi hanta. Hanta kawai, bai taɓa sayen tsoka ba. Suna hira da guntun yaren Fon, kowa na kwaɓa nasa, suna dariya.

Shi ne ya ƙudura sai ya buɗe lakwal, wato makarantar boko, a garin. Mutane suka ba shi ’ya’ya maza, su ma waɗanda ba su da amfani a gona. Mace kuwa ba wanda ya bayar. Sai ya roƙi Baba. Baba ya yi kwana biyu yana tunani, sannan ya ce zai ba da ’ya ɗaya, da sharaɗin ba za a yi mata wankan coci ba, ba za a sauya mata suna ba. Fada ya yarda, suka tafa. Da Baba ya dawo gida ya dube ni ya ce, “Babba, ki shirya.” Da kunnena na ji.

Amma babu gini tukuna. Da rani ya kama, Fada ya ce duk yaron da ke son shiga ya kawo ruwa. Rafin yana can ƙasan gangare, sai ka wuce gonakin kwakwar manja. Ni da ƙanwata aka ba mu ƙwarya ɗai-ɗai. Ita ta yi sawu biyu ta zauna a hanya tana kuka wai wuyanta zai karye, Inna ta ce a bar ta, yarinya ce. Ni kuwa tun da sassafe har rana ta take ina hawa ina sauka. Maza na cuɗa jar ƙasa da ƙafa, ana buga musu ganga, mu muna zuba ruwa. Ba tubali suke yi ba. Katangar hawa-hawa ake ɗora ta, a jira wannan ya bushe sannan a ɗora na gaba. Na san hawa nawa ne, na san wanda ya ɗora kowanne, na san mutumin da yake zuwa kullum a buge amma katangarsa ta fi ta kowa miƙewa.

An kai hawa na uku sai ga ruwan sama ba lokacinsa ba. Bangon gabas ya zube gaba ɗaya. Tsofaffin garin suka ce wurin ne bai yarda ba. Fada bai yi musu gardama ba, ya tafi wajen sarkin gari ya zauna a ƙasa kamar kowa, aka daidaita a kan a matsar da bangon taku bakwai. Muka koma rafi. A ranar nan na tsani ruwan sama, na tsani tsofaffin, amma ban fasa ba, don ina ganin ɗakina nake ginawa.

Ƙararrawar ma daga gidanmu ta fito. Ƙarfen tayar motar da ke kawo wa Baba shanu ne, ya tsage, Baba ya roƙi direban ya bar masa. Ni da wasu yara biyu muka gangaro da shi tun daga bakin titi, ya taka mini babban yatsa, farcen ya fita. Aka rataye shi a bishiya, ana dukansa da guntun ƙarfe.

Sai ranar rubuta sunaye ta zo. Inna, Allah ya jiƙan ta, ta ce ’yarta ba za ta shiga gaban Bature da kai kamar na mahaukaciya ba. Ana gobe ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta tun safe, ta yi mini kitson zare, irin wanda ake naɗe gashi da baƙin zare ya miƙe tsaye, sannan a tattara shi a tsakiyar kai a ɗaure. Ya yi tsini, ya yi kyau, matan maƙwabta har leƙowa suke yi. Fatar goshina ta ɗame, ko dariya na yi sai na ji zafi, amma ina ta yanga. Ƙanwata kuwa satin da ya wuce aka aske mata kai ƙwal saboda ƙuraje. Ita rakiya kawai ta yi mana, tana riƙe da gefen rigar Baba.

Fada ba ya nan ranar, an kira shi wani ƙauye wajen mara lafiya. Katikis ne a bakin tebur, wato mai koyar da addininsu, shi ne kuma malamin farko, shi ne kafintan da ya yi bencinan ajin. A lokacin ba wanda ke da takardar haihuwa. Yadda ake gane yaro ya isa lakwal shi ne ya ɗaga hannun dama, ya bi da shi ta tsakiyar kansa, ya taɓo kunnen hagu. In ya taɓa, ya isa. In bai taɓa ba, sai baɗi.

Na ɗaga hannu. Hannuna ya hau kan kitson nan ya tsaya. Na miƙa, na miƙa, yatsuna na lilo a saman kunne, saura kaɗan. Na danna kitson, zafi ya ratsa ni har hawaye suka zubo. Ni gajera ce tun asali, ga kuma tulin gashi a kai. Katikis ya girgiza kai ya ce tukuna. Baba ya tsaya jiki a sanyaye, ga alkawarin da ya yi wa Fada, ga mutane na kallo. Sai ya turo ƙanwata gaba. Doguwa ce, ga kai fes. Ta ɗaga hannu ta kama kunnen nan har da ja. Aka rubuta ta.

Ba wanda ya ce a kwance kitson a sake gwadawa. Baba ba mai musu da malami a gaban jama’a ba ne, Inna na gida, ni kuma ba ni da wayon faɗa. A hanyar komawa na riƙa fizge zaren ina yarwa, na isa gida da rabin kai a tsefe. Inna ta dake ni a kan ɓata mata aikin yini guda.

Baɗin bai zo ba. Kafin shekara ta zagayo labari ya kai Zongo cewa mahauci ya ba coci ’yarsa. ’Yan’uwan Baba suka aiko da saƙo mai zafi. Baba ya ce ɗaya ya yi alkawari, ɗaya kuma ya bayar, ba zai ƙara ba. Fada ya zo da kansa ya roƙa. Baba ya naɗe masa hanta a ganye ya ƙi karɓar ko sisi, ya kuma ce a’a.

Haka na koma mai tallar ƙosai a bakin lakwal. Kullum ina zaune gindin tagar, farantina a cinya, ina jin muryar ƙanwata tana maimaita baƙaƙe cikin rigar kaki. Wani lokaci nakan riga ta ba da amsa a zuciyata. In an fito shan iska ta zo ta ɗauki ƙosai biyu ba ta ko tambaya, wai ai na gida ne. Na sha tsungulinta a cinya a kan wannan, ta yi ta ihu ba ta san laifinta ba.

Daga gindin tagar nan na ga komai. Na ga ranar da aka sauke jinka aka buga kwano, yaran suka kasa jin malami da ruwan farko ya sauka a kai. Na ga zuwan Sistoci biyu da akwatunansu a kan kawunan mutane. Na ga haƙa rijiya, bayan mu mun gama cin wuyar rafi. Na ga ranar da aka ɗauki Fada a mota yana rawar sanyi, ya ɗaga mana hannu, bai sake dawowa ba. Bayan mun dawo Kwatano ma ban daina bin labarin ba. Matan garin na zuwa Missèbo sarin kaya a wajena, su suka gaya mini lokacin da gwamnati ta karɓe makarantar, da lokacin da aka mayar wa coci ita duk ta lalace, da yadda aka sake tayar da ita. Ƙanwata kuwa ta ci gaba da karatu a birni, ta sami aiki, ba ta sake taka garin ba.

To ita ce yau za a zaunar a kujerar gaba. Haba jama’a!

Ta dawo karo na biyu, na ce ina da baƙi, alhali maƙwabciyata ce kawai ta shigo aron turmi. A karo na uku ta zo da lemo da ayaba, ta zauna a tabarma. Na ga furfurar da ta leƙo daga ɗankwalinta, sai na ji kunya. Na ce, “Buɗe littafin naki.”

Na fara tun daga hanta. Ina faɗa tana rubutu, har aka kira azahar muka yi salla muka koma. Abin haushin shi ne na ji daɗin ba da labarin. Na tashi tsaye ina kwatanta yadda bango ya zube, ina kwaikwayon tafiyar magini mashayi, tana dariya har da riƙe ciki. Da na zo kan kitso sai alƙalamin ya tsaya.

“Yaya, ban san haka aka yi ba. Na ɗauka Baba ne ya zaɓe ni.”

“To yanzu kin sani. In kin ga dama ki rubuta, in ba ki ga dama ba ki bari.”

Abin da nake so ɗaya ne, kuma na fi ƙarfin in roƙa. Ina so a wurin nan, a gaban mutanen nan, a ambace ni. A ce akwai wata yarinya da ba ta cikin littafin sunaye amma wuyanta ya ɗauki ruwan ginin. Ina so ta yi haka da kanta, ba don na ce ba. Ta rufe littafin ta yi godiya ta tafi.

Ranar biki ɗanta ya kai mu a motarsa. Na sa leshina mafi tsada, na ɗaura ɗankwalin da ya fi nata tsawo, da gangan, na ɗauki maficina. Muna sauka yara cikin kaki suka taho da furanni, suka wuce ni suka miƙa mata. Aka hau da ita kan dandamali, kujera mai hannu, kusa da sarkin gari da manyan coci. Ni aka nuna mini kujerar roba a layi na uku. Makarantar ta zama ta bulo, an shafe ta da fenti, har da bene. Tsohon ɗakin namu yana nan a baya, an mai da shi ma’ajiyar tsintsiya da karyayyun bencina. Kafin a fara na zaga na dafa bangon gabas, ba wanda ya lura.

Aka yi addu’o’i, yara suka yi waƙa, sannan aka ba ta abin magana. Da Faransanci ta fara. Faransancina na kasuwa ne, lissafi da gaisuwa da zagi, amma ban buƙaci fassara ba. Daga hannunta na gane inda take. Ta yi nuni da zubewar bango, jama’a suka ce “ooo”. Ta karkata kafaɗa ta yi tafiyar magini, wurin ya ɓarke da dariya. Tafiyar da na nuna mata a tsakar ɗakina ce, ko taku ɗaya ba ta sauya ba. Har inda nake tsayawa in ja numfashi, nan take tsayawa. Labarina ne kaf a bakinta, ana ta tafa mata.

Na san yadda ake cewa “yayata” da Faransanci. Na kasa kunne. Ta juya shafi na farko, babu. Na biyu, babu. Ta zo kan ƙararrawa aka yi tafi, babu. Matar da ke gefena ta taɓo ni ta ce da yaren Fon, “Kai, wannan baiwar Allah da ƙwaƙwalwa take! Tana ’yar mitsitsiya amma ba abin da ta manta.”

Nan na ƙare. Kunnuwana suka yi zafi, idona ya rufe. Na ce a raina, ta ci lakwal, ta ci ofis, yanzu ɗan abin da ya rage mini ma ta haɗa ta cinye. Na ga saura shafi ɗaya a hannunta, na ce ba zan zauna a yi mini tafin ƙarshe a ka ba. Na miƙe kamar mai neman banɗaki, na bi ta bayan rumfa, na fita titi. Tasi mai zuwa Kwatano ta tsaya, na shige tsakanin buhunan gari da wata mata mai kaji. Na kashe wayata. Duk hanya ina tsara maganganun da zan gaya mata, masu zafi, waɗanda na tara tun ina yarinya.

Washegari da safe na kunna wayar. Kira ya fi goma, da bidiyo guda daga wajenta, ba ko kalma a ƙarƙashinsa. Na buɗe.

Tana tsaye, ta ninke takardun. Ashe za a aza harsashin sabon aji, an haƙa rami a gefen fili, ita aka ba girman ɗora bulo na farko. Sistar ta miƙa mata bulon, ta rungume shi da hannu biyu. Sai ta matsa kusa da abin magana ta juya harshe zuwa Hausa, Hausar gidanmu, a gaban mutanen da ba su jin ta.

“Ni rubuta ni kawai aka yi. Duk abin da kuka ji yau, ba ni na gani ba. Wadda ta gani, wadda aka gina wurin nan da wuyanta, tana zaune a cikinku. Ita za ta ɗora wannan. Yaya, ki taso.”

Ta maimaita da Faransanci. Wurin ya ɗauki tafi, masu ganga suka buga, mutane suka miƙe suna waige-waige. Mai ɗaukar hoton ya juya kan layi na uku. Kujerar roba ce da maficina a kai.

Ta sake cewa, “Yaya, ki taso mana.” Aka tura yara banɗaki, aka tura bayan azuzuwa. Ganga ta yi shiru. Tana nan tsaye a rana da bulo a ƙirji, mace mai ciwon baya, wadda ko jakar hannunta ɗanta ke riƙe mata. Sistar ta yi mata raɗa, ta girgiza kai. Ta kira karo na uku, ba ta ƙarasa ba. Daga ƙarshe ta sunkuya ta ajiye bulon a bakin ramin, ba a ciki ba, ta koma ta zauna tana kallon ƙasa. Sarkin gari ne ya ɗauka ya ɗora, mutumin da ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da muke hawan gangaren nan.

Sau uku na kalla. Ban buɗe rumfa ba ranar. Na tari zemijan, mai babur ɗin haya, na ce Cadjèhoun. Ita ta buɗe ƙofa, idanunta a kumbure. Duk maganganun da na tsara a tasi ba ko ɗaya da ta zo bakina, sai na ji kaina ina faɗa.

“Me ya sa kika bar shi sai ƙarshe? Sai ki ce tun farko mana!”

“Na so ki ji ana tafa wa labarin duka tukuna, sannan in nuna musu mai shi.”

Can na ce, “To mu koma ranar Lahadi. Ki gaya wa Sistar, ni zan biya kuɗin mota.”

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

“Sun zuba siminti tun jiya da yamma, Yaya.”

Ta miƙo mini maficina, ta shiga kicin ta ɗora ruwan shayi. Na zauna a falonta ina jin motsin kofuna, na rasa ta inda zan fara ba ƙanwata haƙuri, don ban taɓa yi ba.